Akwasar Kaka da Masaƙar Bututu

Kwalkwalawa ƙauye ne a bakin gulbin Rima, arewa da birnin Sakkwato. Wanda duk ya fito daga birni za shi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ta nan zai bi, ya haye gada, ya ga fadama shimfiɗe dama da hagu. Mutanen wurin manoma ne da masunta. Da damina su kan shuka shinkafa, in ruwa ya janye kuma su dasa albasa da tumatir da tattasai, suna ban ruwa da injuna da bututan roba. Gulbin nan shi ne arzikinsu, amma wani lokaci ya kan zama abin tsoro. A watan Satumba na 2010 ya yi wata irin cika, ya shafe gonaki, ya rushe gidaje, har ya yanke hanyar jami'a.

A cikin gidajen da ruwan nan ya ci har da na wata tsohuwa masaƙiya. Ita da iyalinta sun tsira da ransu, amma ɗakinta ya zube, masaƙarta ta bi ruwa. Abu ɗaya kaɗai aka tono daga cikin laka, watau akwasa. Akwasa wani itace ne mai faɗi, mai santsi, mai kama da takobi, wanda masaƙiya ke buɗe zare da shi, ta kuma buga saƙa ta zauna daram.

Saƙa iri biyu ce a ƙasar Hausa, akwai ta maza, akwai ta mata. Masaƙi namiji a zaune ya ke aiki. Zarensa yana miƙe can gabansa, an ɗaure ƙarshensa ga kunkuru, watau wani katako da aka ɗora wa dutse don ya riƙe zaren. Yana taka allera da ƙafa, zare ya buɗe baki, ya jefa ƙoshiya dama da hagu. Abin da ya ke saƙawa sawu ne siriri, sau da yawa faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sai an ɗinke sawaye masu yawa kafin su zama riga ko luru. Masaƙar mata kuwa a tsaye ta ke, jingine da bango cikin gida. Itace biyu ne a tsaye, biyu a gicciye, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Saƙarta tana da faɗi, ta kan kai kamu guda ko ta fi. A kanta a ke saƙa gwado da majanyi.

A da sana'ar nan ta ɗaukaka ƙasar Hausa ƙwarai. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A birnin Sakkwato ma har yanzu akwai unguwar da a ke kira Marina, sunan yana tuna wa mutane aikin da aka san ta da shi. Daga baya yadin kanti ya yawaita. A 1957 aka buɗe babbar masaƙar inji a Kaduna, waɗansu suka biyo baya. Yau yawancin masaƙun injin nan ma sun rufe, yadin ƙasashen waje ya cika kasuwa. Saboda haka da aka sake gina wa tsohuwar nan ɗaki, ba ta ce a kafa mata wata masaƙa ba. Ta ce, wa zai saya? Ga shi kuma idonta ya fara rauni. Akwasa ta koma bayan ƙofa, da ita a ke tokare ƙyaure in iska ta taso.

Tsohuwar tana da jikoki biyu a gidan. Babban namiji ne, ya gama firamare, yana taimakon ubansa a fadama, shi ke haɗa bututu da tayar da inji. Ƙaramar mace ce, tana aji biyar. Ba a haife ta ba sa'ad da aka yi ambaliyar nan, don haka ba ta taɓa ganin kakarta gaban masaƙa ba.

Ran nan malamin aikin hannu ya ce wa 'yan ajinsu kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa kafin a yi hutu. Ya ce ba ya son tsintsiya ko mafici da aka sayo a kasuwa, gama wannan aikin hannun wani ne. Sa'an nan ya nuna musu hoton wata 'yar masaƙa, ya ba su labarinta. Ya ce akwai wani gwanin masaƙi mutumin Sikotilan, sunansa Archie Brennan, an haife shi a 1931, ya rasu a 2019. Shi saƙar hoto ya ke yi, watau a saƙa siffar mutum ko tsuntsu ko itace da zare launi launi, ba da alƙalami ba. Irin wannan saƙa tsohuwa ce a duniya, a birnin Paris na Faransa akwai gidan da a ke yinta tun 1662, sunansa Gobelins. Amma manyan masaƙunta suna da tsada, ga nauyi. Sai mutumin nan ya tsara wata ƙarama da bututun ruwa na jan ƙarfe, irin wanda masu gyaran famfo ke aiki da shi, ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta.

Da yarinya ta komo gida ta faɗa wa kakarta. Tsohuwa ta yi dariya, ta ce, "Ke kishiyata, masaƙa da bututu? To, faɗa mini, itace nawa gare ta?"

Yarinya ta ce, "Huɗu ne, Kaka. Biyu a tsaye, biyu a gicciye."

Tsohuwa ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe irin tawa ce. Je ki bayan ƙyaure ki ɗauko mini itacen can." Da aka kawo ta shafa shi da tafin hannu, ta gaya wa jikarta sunansa da aikinsa, ta ce na uwarta ne, ita ma daga tata uwar ta gada. Yarinya ta ce, "Kaka, in aka yi masaƙar za ki koya mini?" Tsohuwa ta ce, "A yi tukuna. Ba a sayen kifi a ruwa."

Yarinya ba ta iya yanka bututu ba, sai ta tafi wurin wanta, ta ce, "Yaya, don Allah taimake ni." Ta zana masa siffar a ƙasa da tsinke. Shi kuma ya tafi wurin ubansu, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina roƙon bututu kaɗan." Uban ya ce, "Bututu da kuɗi a ke sayensa, ba abin wasa ba ne. Amma akwai guntaye da fasassu a bayan rumbu, ɗebi abin da ka ke so, kada ka taɓa masu kyau."

Yaro ya zaɓi siriri, don ya fi sauƙin yanka. Ya yanka guda huɗu da zarto, ya haɗa kusurwoyin da mahaɗi huɗu masu lanƙwasa, waɗanda suka yi kama da gwiwar hannu. Kafin la'asar ya gama, yana ta murna. Suka naɗa zare, suka ja. Nan da nan bututun sama da na ƙasa suka lanƙwasa ciki, zaren tsakiya ya saki, na gefe ya ɗame. Suka kai wa tsohuwa. Ta lalube shi, ta ce, "Maigidana, baka ka yi mini ko masaƙa? Saura kibiya! Ka sani, aikin masaƙa ɗaya ne tak, ta riƙe zare a miƙe, kowane zare daidai da ɗan'uwansa. In ta kasa wannan, ko da zinariya aka yi ta, ba masaƙa ba ce."

Yaro ya ji kunya, amma bai yi fushi ba. Kashegari ya nemi bututu mai kauri, wanda faɗin bakinsa ya kai inci ɗaya. Ya yanka guda biyu masu tsawon inci 12, na sama da na ƙasa ke nan. Ya fiƙe sanda mai ƙarfi ya cusa cikin kowannensu, don kada su sake lanƙwasa. Sa'an nan ya yanka guda huɗu masu tsawon inci 9, biyu na gefen dama, biyu na gefen hagu. Ya goge bakin kowane da dutse, don kada kaifinsa ya yanki hannu.

Me ya sa aka raba kowane gefe biyu? Nan dabarar ta ke. Yaro ya tafi wurin wani makanike a bakin hanya, ya yi masa aike na yini biyu, aka ba shi dogayen ƙusoshi biyu masu noti. Kowace ƙusa ya ɗaura mata noti biyu a tsakiya. Ya zura rabinta cikin guntun bututu na sama, rabi cikin na ƙasa, da washa tsakanin noti da bakin bututu. To, in aka murɗa noti ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, sai su ture bututan, masaƙa ta ƙara tsawo, zare ya ɗame. In an mai da su kuma zare ya saki. Abin da masaƙi ke samu da nauyin dutsen kunkuru, shi a ke samu a nan da murɗa noti.

Saura abu guda. Da ya haɗa ya jingine ta ga bango, sai yarinya ta ga kamar ta karkace. Ta tuna abin da aka koya musu a darasin lissafi. Ta ɗauki zare ta auna daga kusurwar sama ta dama zuwa kusurwar ƙasa ta hagu, ta ƙulla alama. Sa'an nan ta auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Ta ce, "Yaya, ba su zo daidai ba, ɗaya ya fi ɗaya da faɗin yatsa." Yaro ya kwance, ya jera guntayen, ya tarar ɗaya ya ɗara sauran. Ya rage shi, ya sake haɗawa, suka sake awo. Awo biyun suka zo daidai. Haka magina da kafintoci ke gane ko kusurwa huɗu ta tsaya sosai.

Yanzu sai zare. Zaren saƙa kashi biyu ne. Akwai na tsaye, wanda a ke ɗaurawa ga masaƙa, shi ne ƙashin saƙa, dole ya zama mai ƙarfi. Akwai kuma na gicciye, wanda ke ratsawa tsakaninsu, masaƙa na ce masa abawa, shi ya fi kauri da taushi. Don na tsaye, yarinya ta roƙi wani maƙwabcinsu masunci ragowar zaren da ya ke gyaran koma da shi. Ba ta yi kuskure ba, gama masu saƙar hoto a ƙasashen Turai ma irin zaren auduga mai ƙarfi su ke so, wanda asalinsa don ragar kamun kifi aka murɗa shi. Don na gicciye kuwa, uwarta ta ba ta tsofaffin rigunan sanyi na ulu da suka yage. Ta warware su, ta wanke, ta dunƙule, ta sami shuɗi da kore da fari da ja.

Tsohuwa ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ce jikarta ta zauna kusa da ita. Ta ce, "Ɗaura bakin zaren ga bututun ƙasa. Kai shi sama, ki zagayo, ki komo ƙasa, amma ki riƙa gicciya shi a tsakiya." Yarinya ta yi haka sau 16. Da ya ke kowane zagaye zare biyu ya ke bayarwa, sai ta sami zare 32. Ta jera su cikin faɗin inci 4, watau zare 8 a kowane inci. Wan ya murɗa noti kaɗan kaɗan, dama da hagu daidai. Tsohuwa ba ta ganin zaren sosai, amma ta bi su da yatsa ɗaya ɗaya tana kaɗawa kamar mai kaɗa molo, tana saurare. Ta ce, "Wannan ya yi. Wannan ma ya yi. Wannan kuwa barci ya ke yi, tashe shi." Aka gyara, har duka suka yi murya ɗaya.

Akwasar tsohuwa ta yi wa 'yar masaƙar girma nesa. Saboda haka ta miƙa wa jikanta namiji, ta ce ya dube ta da kyau, ya sassaƙa wata ƙarama irinta. Ya sassaƙa, ya goge ta har ta yi santsi. Sa'an nan tsohuwa ta kama hannun yarinya, ta nuna mata yadda a ke zura akwasa, zare ɗaya sama, ɗaya ƙasa, a tayar da ita a kan gefenta, baki ya buɗe, a wuce da abawa. In za a komo kuma, zaren da ya ke sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya komo sama. Wannan shi ne tushen saƙa duka, ko ta hannu ko ta inji.

Yarinya ta yi ɗoki, ta kama aiki da sauri, tana jan abawa da ƙarfi don ta ga ya yi kyau. Kwana uku ta saƙa tsawon yatsa. Amma da ta duba sai ta ga gindin yana da faɗi, sama kuwa ya tsuke kamar ƙugun zanzaro. Tsohuwa ta shafa gefen, ta ce, "Kwance."

Yarinya ta ce, "Kaka, aikin kwana uku ne fa!" Hawaye ya cika mata ido.

Tsohuwa ta ce, "Ni ma uwata ta sa ni na kwance na kwana bakwai. Abawa ba a miƙe ya ke tafiya ba, hawa ya ke yi yana sauka tsakanin zare, saboda haka yana bukatar tsawo fiye da faɗin saƙa. In kin ja shi, sai ya jawo gefe ciki. Ki ajiye shi da ɗan tudu kamar bakan gizo, sa'an nan ki danna. Zare kamar yaro ne, in an matsa masa ya ƙi, in an sake shi ya lalace." Yarinya ta share hawaye, ta kwance duka, ta sake farawa. Wannan karon gefe ya tashi sak kamar bangon gwanin magini.

Da hannunta ya faɗa, sai ta shiga saƙar hoto. Ta zana kifi cikin ruwa a takarda, da ganyen albasa a bakin gaɓa, ta maƙala takardar a bayan zaren tsaye don ta riƙa bi. A saƙar hoto abawa ba ya tafiya daga gefe zuwa gefe. Kowane launi iyakarsa wurinsa. Shuɗi ya zo bakin kifi ya juya, fari ya cika jikin kifi ya juya, shuɗi na ɗaya gefen kuma ya ɗauka daga nan. A kan danna abawa sosai da cokali mai yatsu ko matsefi, har ya rufe zaren tsaye ɗungum, ba a ganinsa. Daga ƙasa a ke farawa a yi sama, kamar ginin tubali, ba a ɗora na sama sai na ƙasa ya zauna. Wannan sabon abu ne ga tsohuwa, gama ita ratsi da ado ta saba sakawa a gwado, ba siffar kifi ba. Sai ga jika tana kama yatsan kakarta tana bi da shi, tana cewa, "Nan ne wutsiya, Kaka, nan ne ido." Tsohuwa ta ce, "Yau kishiya ta zama malama."

Mako uku aka yi kafin a gama. Wan ya sassauta noti, aka yanke zaren, aka ƙulla bakinsa biyu biyu don kada ya warware. Abin bai fi tafin hannun babba ba. Kifin ma ya ɗan yi ƙiba, har uban ya ce ai wannan talibambam ne, aka yi ta dariya. Amma ya juya shi gaba da baya, ya ja gefensa, ya ga ba ya motsi. Ya yi shiru, don ya tuna majanyin da aka goye shi da shi, wanda uwarsa ta saƙa da hannunta.

Yarinya ta kai makaranta, da saƙar da masaƙar duka. Malam ya sa ta tsaya gaban aji ta kwance masaƙar ta sake haɗawa, ta nuna yadda a ke awon kusurwa, da yadda a ke ajiye abawa. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Yayana ya yi masaƙa, kakata ta koya mini saƙa." Malam ya ce wa yara, "Ku tambaya a gidajenku. Wataƙila akwai mai sani zaune kusa da ku, ba ku taɓa tambayarsa ba."

Da aka yi hutu 'yan mata huɗu na unguwar suka riƙa zuwa gidan da hantsi. Yaron ya yi musu masaƙa biyu da sauran guntayen bututu, suna karɓa-karɓa. Da ruwa ya janye aka gama dashen albasa, sai uban ya shigo da itace huɗu a kafaɗa, dogaye biyu, gajeru biyu, ya jingine su ga bangon ɗakin uwarsa. Ya ce, "Inna, a ina za a kafa?" Tsohuwa ta nuna masa wurin da hasken safiya ke faɗawa. Aka nemi wani itace don tokare ƙyaure, akwasa ta koma bakin aikinta.

'Yar masaƙar bututu ba za ta tufatar da gari ba, ba kuwa za ta kori yadin kanti daga kasuwa ba. Amma ta yi abin da ya fi ƙarfin kuɗi. Itacen masaƙa in ruwa ya tafi da shi, a kan sari wani a daji. Bututu in ya fashe, a kan sayi wani a kasuwa. Sanin da ke cikin yatsun tsoho kuwa ba a sayar da shi ko'ina, in ya tafi ba a karɓa ba, ya tafi ke nan. Ba a karɓarsa kuma da baki kaɗai, sai an zauna, an kama zare, an ɓata, an kwance, an sake. Wanda duk ke da kaka ko kakan da ya san wata sana'a, ko saƙa, ko kaɗi, ko tufka, ko jima, ya matsa kusa da shi tun yau, ya nemi ɗan abin da zai fara gwadawa da shi, kome ƙanƙantarsa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.